Tarihin Amfani da Fukafukai Masu Motsi Wajen Rage Rawar Jiragen Ruwa Masu Tagwayen Ganga

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wata dabara ta masu ƙera jiragen ruwa, watau dasa fukafukai masu motsi a ƙarƙashin jirgi domin su rage masa rawar da yake yi a kan taguwar teku. Za mu fi mai da hankali ga jirgi mai tagwayen ganga. Abin da muke nufi da ganga a nan shi ne gangar jikin jirgi, wadda take zaune cikin ruwa tana ɗauke da shi. Galibin jirage ganga ɗaya gare su, amma akwai waɗanda ake yi wa biyu a jere, sa'an nan a haɗa su ta sama da wani faffaɗan daɓe, wanda za mu riƙa kira gada.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi 3 da za su yi ta fitowa. Idan jirgi yana karkata dama da hagu, wannan shi ne tangaɗi. Idan goshinsa yana sunkuyawa yana ɗagowa, kamar kan mai jin barci a zaune, wannan shi ne gyangyaɗi. Idan kuwa jirgin ɗungurungum yana yin sama yana dawowa ƙasa, sai mu ce hawa da sauka. Abin da takardar take son nunawa shi ne cewa tagwayen ganga sun yi maganin tangaɗi tun da wuri, amma suka bar gyangyaɗi da hawa da sauka, kuma sai da aka kwashe fiye da shekara 100 ana asarar dukiya kafin a gane cewa fiffiken da aka ƙirƙiro don jirgi mai ganga ɗaya zai yi aiki a nan ma, in an sake masa mazauni da manufa.

2.0 Tagwayen Ganga Kafin Zuwan Fiffike

Haɗa kwale-kwale biyu a yi jirgi ɗaya tsohuwar hikima ce. Mutanen tsibiran Tekun Pasifik da irin wannan jirgi suka ratsa dubban kilomita suka zauna a Hawai da sauran tsibirai masu nisa. Sunan katamaran da Turawa suke kiransa da shi kuwa daga harshen Tamil na kudancin Indiya aka aro shi, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure tare. A Turai, Sir William Petty ne ya fara gwada abin sosai, a Dublin, cikin 1662. Ɗaya daga cikin jiragensa ya tsere wa jirgin wasiƙu na Holyhead a 1663, amma wani mai suna Experiment ya nutse da mutanensa cikin guguwa a 1665, daga nan sha'awar abin ta yi sanyi.

An sake tayar da maganar a shekarun 1870, saboda wahalar da fasinjoji suke sha a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Tafiyar gajeriya ce, wajen kilomita 40 daga Dover zuwa Calais, amma jiri da amai sun sa mutane da yawa suna tsoronta. Mutum biyu suka fito da magani iri biyu. Henry Bessemer, wanda ya yi suna a kan narkar da ƙarfe, ya sa aka gina jirgi mai ganga ɗaya, aka rataye zauren fasinjoji a cikinsa, da nufin wani ma'aikaci ya riƙa daidaita zauren da ƙarfin matsin ruwa yayin da jirgin yake tangaɗi. Jirgin ya ƙi jin tuƙi, ya daki gadar tashar Calais a watan Mayu na 1875, kamfanin kuma ya rushe. Kyaftin William Dicey shi kuma ya bi hanyar tagwayen ganga, aka gina masa Castalia a 1874. Lalle Castalia bai cika tangaɗi ba, sai dai gudunsa bai wuce kilomita 20 cikin sa'a ba, ga shi kuwa jiragen ƙasa masu ɗaukar wasiƙu ba sa jira. Bai daɗe yana aiki ba aka jingine shi, a 1883 aka sayar da shi, aka mai da shi asibitin masu ciwon agana a Kogin Thames. Wanda ya biyo bayansa, Calais-Douvres na 1878, ya fi shi gudu, amma cin kwal ɗinsa ya yi yawa.

Darasin wannan zamani shi ne, faɗin da tagwayen ganga suke ba jirgi yana hana shi karkata da yawa. Abin da ba a lura da shi sosai ba, domin jiragen ba su da gudu, shi ne halin irin wannan jirgi idan ya fuskanci taguwa gaba da gaba da sauri.

3.0 Asalin Fiffike Mai Motsi

Ilmin rawar jirgi ya samo tushe daga William Froude, wanda ya gabatar da takardarsa a kan tangaɗi a Landan cikin 1861. Froude ya nuna cewa kowane jirgi yana da nasa lokacin lilo, watau daƙiƙoƙin da yake ɗauka ya karkata ya dawo. Idan taguwa tana zuwa daidai da wannan lokaci, tangaɗin sai ya yi ta ƙaruwa, kamar yadda yaro a kan lilo yake ƙara nisa in ana tura shi a daidai gaɓa, ko da turin ba mai ƙarfi ba ne. Maganin da ya ƙarfafa shi ne dogayen faifan ƙarfe da ake mannawa a gefen ganga ta ƙasa, su riƙa jan ruwa suna cinye ƙarfin lilon. Har yanzu da wuya a ga babban jirgi wanda ba shi da su.

Daga nan aka gwada dabaru masu aiki daga cikin jirgi. Hermann Frahm na Jamus ya shahara wajen 1911 da tankunan ruwa waɗanda ruwansu yake kwarara daga gefe zuwa gefe yana saɓa wa tangaɗi. Otto Schlick a Jamus da Elmer Sperry a Amurka suka yi amfani da jairoskof, wani ƙaton faifai mai juyawa da sauri wanda yake ƙin a karkata shi, kamar katantanwar da yara suke murzawa. Jirgin Italiya Conte di Savoia na 1932 guda 3 aka sa masa. Aibin waɗannan duka shi ne nauyi da cin wuri.

Fiffike mai motsi ya bi wata hanya dabam. Idan aka sa faifai mai siffar fiffike cikin ruwa mai gudu, aka ɗan karkata shi, ruwan zai tura shi sama ko ƙasa. Ƙarfin turin ya danganta ga faɗin fiffiken, da yawan karkatarsa, da gudun jirgi. Kuma in gudu ya ninka sau 2, ƙarfin yakan ninka sau 4. Saboda haka ƙaramin fiffike a jirgi mai sauri yana iya yin aikin da tan-tan na ƙarfe ko ruwa suke yi. Dokta Shintaro Motora na ma'aikatar Mitsubishi da ke Nagasaki shi ne ya fara tabbatar da haka a teku, a jirgin Mutsu Maru, cikin 1923. Kamfanoni biyu na Skotlan, William Denny na Dumbarton da Brown Brothers na Edinburgh, suka inganta dabarar, suka sa ƙaramin jairoskof ya zama mai jin motsin jirgi yana ba injin matsin mai umurni. Sun fara dasa ta a jirgin fasinja Isle of Sark a 1936. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan jirage suka karɓa: Chusan a 1950, Queen Elizabeth a 1955, Queen Mary a 1958.

Amma fa duk wannan nasara a kan tangaɗi kaɗai aka same ta. Gyangyaɗin babban jirgi mai ganga ɗaya ya fi ƙarfin fiffike, domin taguwa tana kama jirgin ne a tsawonsa duka. Da sojan ruwan Amurka suka gwada kafaffen fiffike a goshin jirgin Compass Island a shekarun 1950, sai gangar ta kama karkarwa duk lokacin da fiffiken ya kusanci fuskar ruwa ya koma. Masana da yawa suka ɗauka maganar ta ƙare ke nan.

4.0 Darasin Jirgin Hayes

A 1971 aka miƙa wa sojan ruwan Amurka wani jirgin binciken teku mai tagwayen ganga, mai tsawon mita 75, sunansa Hayes. An zaɓi wannan siffa ne don a sami faffaɗan wurin aiki, da damar saukar da kayan awo ta tsakanin gangunan. Da ya shiga arewacin Tekun Atalantika a hunturunsa na farko, sai aibinsa ya bayyana. Gangunan sirara ne, ba sa jan ruwa sosai in suna sama da ƙasa, don haka babu abin da yake kashe lilon gyangyaɗi. Goshi yakan nutsa ƙwarai, taguwa ta mari ƙarƙashin gada da ƙarfin da yake girgiza jirgin har ya lanƙwasa ƙarfe. Bugu da ƙari, tangaɗin irin wannan jirgi, ko da yake ba shi da nisa, yana da sauri da fizga, kuma lokacin lilonsa ya yi kusa da na gyangyaɗi. In taguwa ta zo ta kusurwa sai biyun su haɗu, jirgi ya riƙa murɗawa, abin da yake saurin tayar da zuciya. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Masanan cibiyar David Taylor, inda sojan ruwan suke gwada ƙananan samfurorin jirage cikin dogon tafki, suka ba da shawarar a gitta wani fiffike daga ganga zuwa ganga, can kusa da goshi, a ƙarƙashin ruwa. Da aka yi haka nutsewar goshin ta ragu, marin taguwa ya yi sauƙi, jirgin ya ci gaba da aiki. An bayyana sakamakon ga taron masu ƙera jirage a 1974. Fiffiken Hayes kafaffe ne, ba ya motsi, amma ya tabbatar da abu biyu. Na ɗaya, a jirgin da gangunansa ba su da ƙarfin kashe lilo, ɗan taimako daga fiffike yana yin tasiri babba. Na biyu, tsakanin gangunan akwai mazauni mai kyau ga fiffike, inda ba zai gogi bangon tasha ba.

5.0 Jirgi Mai Nutsattsun Ganguna

Tun kafin Hayes akwai masu tunanin a kauce wa taguwa gaba ɗaya. Ƙarfin taguwa a fuskar ruwa yake, yana raguwa da sauri in aka yi ƙasa. Saboda haka in aka nutsar da gangunan biyu kamar jiragen ƙarƙashin ruwa, aka ɗaga gada sama da taguwa, aka haɗa su da siraran ginshiƙai, to ginshiƙan nan ne kaɗai taguwa za ta samu ta kama. Frederick Creed, mutumin Kanada wanda aka fi sani da ƙera na'urar buga waya, ya kai wa hukumar jiragen yaƙin Ingila wannan shawara a 1938, ya sami rajistar ƙirƙira a 1946, ya rasu a 1957 bai ga an gina ko ɗaya ba. A ƙarshen shekarun 1960 aka gina Duplus a Holan don aikin haƙar ƙasan teku, mai siffa kusa da wannan. Daga bisani Amurkawa suka laƙaba wa irin waɗannan jirage suna SWATH, taƙaitaccen bayanin cewa tagwayen ganga ne masu cin ɗan wuri a fuskar ruwa.

Sai dai wannan siffa ta zo da nata ciwon. Abin da yake mai da jirgi daidai in ya sunkuya shi ne faɗin da ya ci a fuskar ruwa, ga shi kuwa an rage wannan faɗi da gangan. Har ila yau akwai wani ƙarfi da Max Munk ya bayyana a 1924, yana nazarin manyan balan-balan masu ɗaukar mutane: duk wani dogon abu mai siffar kifi da yake ratsa iska ko ruwa, in hancinsa ya ɗan kauce, magudanar sai ta ƙara kautar da shi. Wannan ƙarfi yana haɓaka da gudu. Ke nan akwai wani gudu wanda in jirgi mai nutsattsun ganguna ya kai shi, goshinsa zai nemi ya dulmiya ko ya ɗaga, ko da teku a kwance take. A nan fiffike ya tashi daga kayan jin daɗin fasinja ya zama sharaɗin tafiya.

Wanda ya haɗa siffar da fiffiken cikin jirgi ɗaya shi ne Dokta Thomas Lang na wata cibiyar binciken sojan ruwa a San Diego. Jirginsa Kaimalino, wanda sunansa yake nufin kwantacciyar teku da harshen Hawai, an saukar da shi ruwa a 1973 a Curtis Bay ta jihar Maryland. Tsawonsa mita 27 ne, nauyinsa wajen tan 190, gudunsa ya kai kilomita 46 cikin sa'a. A baya an gitta masa babban fiffike tsakanin gangunan, mai leɓuna masu motsi, shi ne yake karya ƙarfin da Munk ya bayyana. A gaba kuma akwai ƙananan fukafukai biyu masu juyawa. In na gaba da na baya suka tura gefe ɗaya, sun yaƙi hawa da sauka. In suka saɓa, sun yaƙi gyangyaɗi. In na dama suka saɓa wa na hagu, sun yaƙi tangaɗi. Akwai kuma zaɓi ga matuƙi: a ƙananan taguwoyi na'ura takan riƙe jirgin a miƙe su wuce ta ƙarƙashin gada, a manya kuwa takan sa shi ya bi bayansu yana hawa yana sauka a hankali, don kada su mari gadar. A gwaje-gwajen da aka yi a ruwan Hawai a 1976, jirgi mai saukar ungulu ya yi ta sauka a kan wannan ɗan jirgi cikin taguwar da take wahalar da jiragen da suka ninka shi girma.

Japan ce ta fara kai abin kasuwa. Kamfanin Mitsui ya gina ɗan jirgin gwaji Marine Ace a 1977, sa'an nan a 1979 ya gina wanda aka sani da Seagull, mai ɗaukar fasinja 446 da gudun kilomita 50 cikin sa'a, wanda ya yi jigila zuwa tsibirin Oshima. Kaiyo na 1985, mai fiye da tan 3,000, don aikin masu nutso da binciken teku aka yi shi. Amurka ta karɓi Victorious a 1991 don sauraron jiragen ƙarƙashin ruwa a tekuna masu hauka. A 1992 aka gina Radisson Diamond a Rauma ta ƙasar Finlan, jirgin shaƙatawa mai tsawon mita 131 da fasinja wajen 350. Natsuwarsa ba ta da abin kushewa, amma gudunsa bai wuce kilomita 23 cikin sa'a ba, domin nutsattsun ganguna suna da yawan fatar da take gogar ruwa. Ciwon Castalia ne ya sake dawowa bayan shekara 118. Inda siffar ta zauna da gindinta shi ne aikin da natsuwa ta fi gudu daraja, kamar jiragen da suke kai jagororin tasha a bakin Kogin Elbe na Jamus tun 1999, da jirgin bincike Kilo Moana na Jami'ar Hawai na 2002.

6.0 Katamaran Mai Gudu da Matsalar Amai

Reshe na biyu na wannan tarihi ya tsiro ne a Norwe da Ostareliya. A 1971 kamfanin Westermoen na garin Mandal ya fitar da katamaran ɗin fasinja na alminiyam don zirga-zirga a gaɓar Norwe. A Tasmaniya kuwa hatsari ne ya buɗe ƙofa. Ranar 5 ga Janairu 1975 jirgin dakon ma'adinai Lake Illawarra ya daki gadar Tasman ya karya ta, birnin Hobart ya rabu biyu. Robert Clifford ya shiga jigilar mutane a kogin, daga nan ya haɗu da mai zanen jirage Philip Hercus, suka kafa sana'ar da ta zama kamfanin Incat. A 1985 suka fitar da Spirit of Victoria, mai ganguna masu tsinin goshi waɗanda suke huda taguwa maimakon su hau ta, da wani goshi na uku a tsakiya, a sama da ruwa, wanda yake tare jirgin in ya nutsa da yawa.

A watan Yuni na 1990 wani jirginsu mai tsawon mita 74, Hoverspeed Great Britain, ya ƙetare Tekun Atalantika cikin kwana 3 da sa'a 7 da minti 54, watau kimanin kilomita 68 cikin sa'a. Duniya ta yi ta yabo. Amma da jiragen wannan ƙira suka fara ɗaukar fasinja a tekun Ingila da mashigin Bass na kudancin Ostareliya, sai suka yi ƙaurin suna wajen sa mutane amai, har jama'a suka yi musu laƙabin ba'a. Jigilar SeaCat Tasmania a mashigin Bass, wadda aka fara a ƙarshen 1990, ba ta wuce 1993 ba.

Dalilin yana cikin wani bincike da O'Hanlon da McCauley suka buga a Amurka a 1974. Sun zaunar da mutane cikin wani ɗaki mai hawa da sauka, suka gano cewa motsin sama da ƙasa yana sa amai ƙwarai, kuma mafi muninsa shi ne wanda yake maimaituwa sau ɗaya cikin daƙiƙa 6 ko kusa da haka. Lawther da Griffin na Jami'ar Southampton suka tabbatar da wannan a kan jiragen fasinja a shekarun 1980, kuma a 1997 ma'aunin ya shiga ƙa'idar duniya mai lamba ISO 2631. Jirgi mai gudu yana cin karo da taguwoyi a kai a kai, fizgar da yake yi sama da ƙasa tana da ƙarfi, musamman ga waɗanda suke zaune wajen goshi. Da aka sami ma'auni, sai masu sayen jirage suka fara tambayar kashi nawa na fasinja za su yi amai a hanya kaza, kamar yadda suke tambayar gudu da shan mai.

Gudun da ya kawo cutar shi ne kuma ya ba da maganin, tun da ƙarfin fiffike da gudu yake haɓaka. Kamfanin Maritime Dynamics na Maryland, wanda ya ƙware a kan daidaita jiragen sojan Amurka masu tafiya a kan matashin iska, yana cikin waɗanda suka jagoranci aikin a shekarun 1990. Kayan aiki iri 3 suka fito. Na farko faifai ne a gindin kowace ganga, wanda ake dannawa ƙasa ya ɗaga bayan jirgi. Na biyu fiffike ne a ƙarƙashin goshi, a ƙarshen wani ginshiƙi, mai siffar harafin T a kife. Da fari ɗaya a kowace ganga, daga baya Incat ta koma ga guda ɗaya a tsakiya wanda ake naɗewa sama in teku ta kwanta. Na uku wata wuƙar ƙarfe ce da ake zurawa ƙasa kaɗan a gindin ganga, ta tare ruwa, matsinsa ya ɗaga jirgin. Ba ta da nauyi, kuma tana amsa umurni da sauri. Na'urori masu jin motsi suna aika wa kwamfuta labari sau da yawa cikin daƙiƙa guda, ita kuma tana juya fukafukan ta yadda turinsu zai saɓa wa saurin motsin, watau kishiyar abin da mai tura lilo yake yi. Stena Explorer na 1996, mai tsawon mita 126, da fasinja 1,500 da gudun kilomita 74 cikin sa'a, ya ɗauki rabin siffar nutsattsun ganguna don ya rage kamun taguwa tun daga ƙira.

7.0 Iyakar Dabarar

Kowane allazi da nasa amanu. Fiffike yana da iyakar karkatar da zai yi. In ya wuce ta ruwa yakan ɓalle daga bayansa, turin ya faɗi. A gudu mai yawa matsin ruwa a bayan fiffike yakan ragu har ruwan ya yi kumfar tururi, wadda take cin ƙarfe. In taguwa ta yi girma har fiffiken goshi ya fito waje, komawarsa ruwa mari ne mai tsanani. Yana ƙara jan ruwa, watau ƙarin mai, kuma yana iya karo da gungume ko dabbar ruwa. Mafi muhimmanci, ƙarfinsa yana da iyaka, na teku kuwa yana ƙaruwa da tsawon taguwa, don haka amfaninsa ya fi bayyana a matsakaiciyar teku. Shi ya sa ƙa'idar jirage masu gudu, wadda Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ta amince da ita a 1994 ta sabunta a 2000, ta ɗora wa kowane jirgi iyakar yanayin da zai fita cikinsa, ko yana da fukafukai ko ba shi da su. Sa'an nan in jirgi ya tsaya cik, fiffike irin wannan ba shi da ruwa mai gudu da zai tura, sai siffar ganga ita kaɗai ta yi aiki.

Bincike bai tsaya ba. A shekarun 2010 masana a Jami'ar Tasmaniya sun gwada samfuri mai tsawon mita 2.5 na wani katamaran mai mita 112, da ƙananan fukafukansa masu motsi, a tafkin gwaji na Launceston, suna neman tsarin umurnin da zai rage rawa da marin taguwa tare. Tambayar ta tashi daga siffar fiffike ta koma ga lissafin da yake juya shi.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga matakai 4. Petty da Dicey sun nuna cewa faɗi yana rage tangaɗi. Motora da kamfanonin Skotlan sun nuna cewa ƙaramin fiffike mai motsi yana iya maye gurbin nauyi mai yawa. Hayes da Kaimalino sun ɗauke fiffiken daga gefen jirgi suka kai shi goshi da gindi, suka juya shi ga gyangyaɗi da hawa da sauka. Jiragen fasinja na shekarun 1990 kuma sun tilasta a auna nasara da lafiyar wanda yake zaune a kujera.

Abin lura ga mahalarta shi ne, a kowane mataki an gina jirgin tukuna, aka kashe kuɗi, sa'an nan teku ta nuna motsin da aka manta da shi. Jiragen da suka yi ƙarko a aikinsu su ne waɗanda aka yi tunanin ganga da fiffike da hanyar da za su bi a lokaci guda, tun a kan takardar zane. Duk hukumar da za ta sayi irin wannan jirgi, ya kamata ta fara da auna tsawon taguwar hanyarta da tazarar da ke tsakanin taguwa da taguwa a watanni mafi tsanani na shekara, kafin ta tambayi gudun jirgin.